Gyaran Ferrari da hannun mai ita: yadda na samu Amurka, Ingila da Jamus

'Yan uwa da abokan arziki na gida, ina gaishe ku da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Da yawa daga cikinku sun tambaye ni yadda mai albashi irina yake iya riƙe Ferrari ba tare da ta talauta shi ba, kuma amsar ita ce mafi yawan aikinta da hannuna nake yi a garejin gidan da nake zaune a nan Amurka. Tun da na zauna a Ingila kafin in ƙauro nan, kuma aiki yana kai ni Jamus jifa-jifa, na ga ya dace in rubuto muku yadda kayan gyara, kayan aiki da hidimar kanikawa suke a waɗannan ƙasashe ga mai irin wannan mota.

Motar tawa 360 Modena ce, ta hannu na saya, samfurin da kamfanin ya ƙera a Maranello ta ƙasar Italiya daga 1999 zuwa 2005. Injinta mai silinda takwas ne, lita 3.6, yana zaune a bayan direba, yana ba da ƙarfin doki 400, jikinta kuwa na alminiyom ne. Ba kyanta kaɗai ya sa na zaɓe ta ba. A waɗannan ƙasashe da awa ake lissafa ladan bakanike, kuma awar babban dila ta fi ta kowa tsada, saboda haka tambayar da mai hankali yake fara yi kafin ya sayi irin wannan mota ita ce awa nawa ake ɗauka kafin hannu ya kai ga abin da za a gyara. A samfuran da suka gabace ta, wato 348 da F355, bisa al'ada sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. A 360 kuwa an bar wata ƙofa a bayan kujeru wadda ake buɗewa a isa ga bel ɗin injin yana wurinsa. F430 da ta biyo baya a 2004 sarƙa aka sa mata, ta rabu da wannan ɗawainiya baki ɗaya, amma kuɗin sayenta ya fi ƙarfina. Sababbin motocin kamfanin kuma suna zuwa da sabis na shekara 7 a cikin kuɗinsu, don haka zancen gyara da hannu zancen tsofaffi ne irin tawa.

Aikin bel ɗin ya cancanci in ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin wanda zai iya da wanda ya kamata ya haƙura. Ana fitar da kujeru, a ɗage shimfiɗar da ke bayansu, a kwance ƙofar, sai mutum ya durƙusa a cikin motar yana fuskantar gaban injin. Bel biyu ne, ɗaya ga kowane ɓangare. Kafin a sassauta komai sai an juya injin da hannu har fistin na farko ya kai ƙololuwa, a maƙale sandunan da ke buɗe bawul don kada su motsa, a sa alamar fenti a kan tsohon bel da haƙoran da yake zaune a kansu, sannan a ƙirga haƙora a mayar da alamomin kan sabon. Tare da bel ake canza boris ɗin da ke matse shi, domin sau da yawa boris ne yake fara mutuwa ya ja bel ɗin. Bayan an haɗa, a sake juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar alamomin injin sun koma inda suke kafin a taɓa makulli. Idan bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora injin yana gudu, fistin da bawul za su yi karo, kuma kuɗin wannan gyara na iya cin wani babban kaso na darajar motar. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce canji duk shekara 3 ko da motar a ajiye take, saboda roba tana tsufa ko ba a more ta ba.

A wajen kayan gyara, ban ga inda ya kai Ingila ba. Akwai tsofaffin 'yan kasuwa da ba su san wata sana'a ba sai kayan motocin Italiya, irin su Eurospares, waɗanda suka sa zanen kowane sashe na motar a intanet, kowane noti da wosha da lambarsa. Wannan lamba ita ce dukiyar mai gyara da kansa, domin da ita yake gane cewa abu kaza da ake sayarwa a cikin kwalin kamfani mai ruwan ɗorawa, Bosch ne ya ƙera shi, kuma ana samunsa a cikin kwalin Bosch a farashi mai sauƙi ƙwarai. Na'urar auna iskar da ke shiga injin misali ce. Haka kuma famfon da ke sarrafa giyar F1, wadda ake canzawa da yatsa a bayan sitiyari, sanannen abu ne a tsakanin masu motar cewa ɗan uwansa yana cikin wasu motocin Alfa Romeo. A Ingila ɗin ne kuma ake da ƙananan masana'antu kamar Hill Engineering, da ke ƙera boris da mahaɗan ƙafa waɗanda kanikawa da yawa suke fifitawa a kan na asali. A nan Amurka akwai Ricambi America da wasu irinsa, kaya suna isowa da sauri, amma abu mai wuyar samu galibi daga Turai ake kawo shi. Fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta canza lissafi ga mazauna Jamus, domin tun farkon 2021 kayan da suka taso daga Ingila sai sun bi ta kwastan an biya haraji a kansu, shi ya sa abokaina na can suka fi karkata ga dilolin Jamus da Italiya. Gargaɗi ɗaya zan yi a nan: bel, boris da kayan birki ba wurin neman araha ba ne, kuma duk wanda ya sayo su daga hannun wanda ba a san asalinsa ba a kasuwannin intanet, araha ce da ba ta ado.

Kayan aiki da fili kuwa Amurka ce kan gaba. Gidajen bayan gari da yawa suna da garejin mota biyu, inda mutum zai iya barin motarsa a buɗe na makonni ba tare da ya takura wa kowa ba. Shagunan Harbor Freight suna sayar da sifanoni da jak a farashi mai rahusa, shagunan kayan mota irin su AutoZone kuma suna ba da aron kayan aiki na musamman, ka ajiye kuɗi a matsayin jingina, ka karɓe su cif idan ka mayar da kayan, sannan suna karɓar tsohon baƙin mai kyauta. Abin lura shi ne motar Italiya da milimita ake auna notinta, don haka sifanar inci da ta cika gidajen Amurkawa ba ta da amfani a nan. Motar kuma ƙasa take sosai, jak na yau da kullum ba ya shiga ƙarƙashinta sai an hau da tayoyin gaba kan katako, kuma akwai wurare ƙayyadaddu da ake ɗora jak ɗin, domin alminiyom ba ya yafe kuskure. A Ingila garejin gida ƙunci gare shi, tsofaffi da yawa an gina su ne don ƙananan motocin da, har buɗe ƙofar mota mai faɗi irin wannan yakan zama aiki. Jamusawa sun samo wata mafita da ta burge ni, wato gareji na haya, inda kake biyan kuɗin awa a ba ka na'urar ɗaga mota da kayan aiki, galibi da ƙwararren bakanike a kusa wanda za ka iya tambaya. Dokarsu kuma ta wajabta wa mai sayar da baƙin mai ya karɓi tsohon daga hannun wanda ya saya a wurinsa.

Ko juyen baƙin mai, wanda kowa yake ɗauka ƙaramin aiki ne, yana da nasa tsari. Man wannan inji a cikin tanki daban yake taruwa, ba a ƙasan injin ba, saboda haka ana auna shi ne bayan injin ya yi zafi kuma yana kunne. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar mai ya ragu, ya ƙara, ya wuce kima, rarar ta bi bututun iska ta shiga inda bai kamata ba. Shi ya sa ba a kai irin wannan mota wuraren juyen gaggawa da suka cika titunan Amurka, duk da saurinsu da arharsu.

Inda hannun mai mota yake tsayawa shi ne kwamfuta. Doka ta tilasta sa ramin OBD-II, inda ake jona na'urar binciken mota, a motocin Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi da nata tsarin ga motocin fetur a 2001, don haka ƙaramar na'ura mai arha tana karanta ƙorafin injin. Amma giyar F1 da kulocinta suna da tasu ƙwaƙwalwa, kuma sanin yawan abin da kuloci ya cinye ko daidaita inda yake kamawa yana buƙatar na'urar kamfani da ake kira SD2, ko wata mai tsada irin Leonardo da gareji masu zaman kansu suke saya. A nan ne hidima take bambanta. Ingila ƙaramar ƙasa ce mai yawan ƙwararru masu zaman kansu, da yawansu sun yi shekaru a wajen dila kafin su buɗe nasu, kuma ba sa jin haushi idan ka ce musu kai ka yi sabis, na'ura kawai kake so a jona. A Amurka, in ba a manyan birane ba, mutum yana iya yin tafiyar yini kafin ya samu mai wannan na'ura, wani gareji kuma yakan ƙi sa kayan da ka zo da su da kanka saboda ba zai ba da garanti a kansu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Dokokin Amurka dai suna bayan mai mota: dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka yi sabis a wani wuri, jama'ar jihar Masachusets kuma sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da 'yancin gyara a 2012, suka faɗaɗa shi a 2020.

Batun ƙarin kaya shi ne inda na fi saɓawa da samarin da ke wannan harka. Abu na farko da suke so shi ne salansa mai ƙara, sannan a cire matatar hayaƙi, a taɓa ƙwaƙwalwar injin. A Kalifoniya duk abin da ya shafi hayaƙi sai yana da lambar amincewa ta CARB, hukumar jihar mai kula da tsabtar iska, in ba haka ba motar ba za ta ci gwajin da ake yi duk shekara 2 ba. A Jamus abin ya fi tsanani, domin salansa, ƙafafu ko abin rage tsayin mota dole su zo da takardar izini ko a kai su wajen masu bincike irin TÜV a shigar da su cikin takardun motar, wanda ya yi biris kuwa izinin motarsa na hawa titi yana iya faɗuwa. Ingila ta fi sassauci a gwajin MOT na shekara-shekara, amma wajibi ne a sanar da kamfanin inshora duk canjin da aka yi, in ba haka ba yana iya ƙin biya ranar da aka yi haɗari. A ganina injin da ke fitar da doki 400 daga lita 3.6 ba tare da tobo ba, injiniyoyinsa ba su bar wani abin kirki da za a tatso a garejin gida ba. Ƙarin da ke da amfani shi ne wanda ke toshe raunin da shekaru suka bayyana: mahaɗan ƙafa masu jure tsatsa, sabon rile ga famfon giya, canjin man birki a kan lokaci tun da yana shan danshi, da cajar da ke riƙe batir a cike, irin ta CTEK, ga motar da takan yi makonni ba a tayar ba. Maɓallan cikin motocin wancan zamani kuma rufinsu na roba yakan narke ya riƙa danƙo, ana kwance su a wanke da haƙuri ko a aika wa masu sake musu fenti.

Taya ma haka. Girman ta gaba 215/45 ne, ta baya 275/40, a kan ƙafa mai inci 18, kuma irin wannan mota tayarta takan tsufa kafin ta cinye. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin tayar suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma su nake fara dubawa idan kaya suka iso. A Amurka ana oda ta intanet daga wurare irin Tire Rack a aika kai tsaye zuwa shagon da zai ɗaura, sai dai ya kamata a tambayi shagon ko injinsa yana cire taya ba tare da ya kankare bakin ƙafa ba.

Akwai hasara ɗaya da ya kamata mai niyyar bin wannan hanya ya sani. Mai sayen irin wannan mota takardun tarihinta yake fara nema, kuma a Ingila musamman littafin sabis mai hatimin sanannen gareji yana ƙara mata daraja, rashinsa kuma yana rage ta. Saboda haka kowane aiki da na yi ina ajiye rasit ɗin kayan, in rubuta kwanan wata da nisan da motar ta yi, in ɗauki hoton tsohon abu kusa da sabo, har da kwanan watan da ke jikin bel. Kuloci, daidaita ƙafafu da duk abin da ya shafi waldar alminiyom kuwa ga ƙwararre nake kai su, kuma idan motar ta je wurinsa nakan biya shi awa guda ta musamman ya duba aikin da na yi ya rubuta abin da ya gani a kan takardar garejinsa.