HDR ko SDR: Abin Dubawa Kafin Sayen Talabijin a Katsina

Talabijin da yawa da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Katsina suna ɗauke da tambarin HDR a jikin kwalinsu, wato tsarin hoto mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, amma tambarin yana nufin akwatin zai iya karɓar irin wannan hoto ne kawai, ba lallai ya nuna shi da kyau ba.

Ana shirya hoton SDR, wato tsarin hoton da aka saba da shi kafin zuwan HDR, a kan hasken nit 100, nit kuwa shi ne ma'aunin hasken fuskar talabijin. Finafinan HDR10, tsarin HDR da ya fito a 2015, ana shirya su a kan nit 1,000, wasu ma 4,000, alhali yawancin talabijin masu araha haskensu bai wuce nit 300 ba. Saboda haka dole akwatin ya matse hasken fim ɗin zuwa iya ƙarfinsa, kuma a wajen wannan matsewar ake gane mai kyau. Idan bai iya ba, farar babbar riga a tsakar rana za ta koma fari fat, aikin wuyanta ya ɓace, fuskokin mutane da dare kuma su nutse cikin duhu, musamman a falon da hasken rana ke shigowa ta taga. A irin wannan akwati, SDR ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Dolby Vision da HDR10+, wasu nau'o'in HDR, suna rage matsalar, domin suna gaya wa akwatin yadda zai matse hasken kowace fitowa daban. Sai dai Samsung ba ya karɓar na farkon, LG kuma ba ya karɓar na biyun.

A ganina, mai saye ya fara duba abin da ake kallo a gidansa. Yawancin tashoshin DStv, GOtv da StarTimes SDR ne, Netflix kuma a 4K, wato hotonsa mafi fitowa ras, yana iya cin data har gigabait 7 a awa ɗaya, sannan HDR yana ƙure fitilar akwatin, wanda mai amfani da batirin sola zai ji a jikinsa. Wanda kallonsa ƙwallo ne da labarai, ya nemi akwatin da ke fitar da SDR tsaf. Wanda kuma ya nace wa HDR, ya ƙara kuɗi ya nemi mai nit 600 zuwa sama, mai rage haske yanki-yanki, kuma ya roƙi mai shago ya kashe saitin da ake baje kolin akwatin da shi a shago, ya sa masa fitowar dare ya gani kafin a yi ciniki.