Wane Littafi Za a Fara Saya kan Jiki da Fasaha a Al'adun Zamani na Japan?

Ɗalibin da ke shirin rubuta kundin digiri a kan yadda fina-finan zane da na'urorin Japan ke kallon jikin ɗan Adam zai tarar cewa littattafan fannin suna da tsada, saboda haka ya kamata ya tantance jikin da yake nufi kafin ya fitar da kuɗinsa, wato ko wanda aka zana a fim, ko na mutum-mutumi, ko na mutane masu rai.

Idan na fim ne, littafin Susan Napier ya fi dacewa da ɗan koyo. Ya fara fitowa a 2001 da sunan Anime from Akira to Princess Mononoke, amma bugun 2005, wanda aka faɗaɗa har zuwa fim ɗin Howl's Moving Castle, shi ya kamata a nema. Ta tsaya sosai a kan fim ɗin Akira na 1988, inda jikin Tetsuo, ɗaya daga cikin taurarin labarin, ke kumbura har ya fi ƙarfin mai shi, da kuma Ghost in the Shell na 1995, wanda jarumarsa ke rayuwa cikin jikin da aka ƙera. Raunin littafin shi ne tana karanta fim kamar ƙagaggen labari, ba ta cika damuwa da yadda aka haɗa hoton ba. Wannan giɓin ne Thomas Lamarre ya cike a The Anime Machine na 2009, inda ya bi diddigin yadda ake jera zane a kan zane, a riƙa zame su don motsi ya fito. Littafi ne mai zurfi, sai dai falsafarsa tana da nauyi, kuma a ganina duk wanda ya fara da shi zai gaji tun bai yi nisa ba.

Wanda hankalinsa ke kan mutum-mutumi na zahiri kuwa, Robo sapiens japanicus na Jennifer Robertson zai fi yi masa amfani, domin ta nuna yadda ake raba wa na'urori siffar mace da ta namiji, ta kuma soki shirin Innovation 25 na gwamnatin tsohon firaministan Japan Shinzo Abe, wanda ya yi hasashen rayuwar da za ta dogara da fasaha da mutum-mutumi nan da 2025 a lokacin. Beauty Up na Laura Miller, na 2006, ya shafi shagunan gyaran jiki da rage ƙiba. Na'ura kaɗan ce a cikinsa.

Mujallar Mechademia, wadda madaba'ar Jami'ar Minnesota ta soma bugawa a 2006, gara a karanta ta a ɗakin karatun jami'a, a tanadi kuɗin don littafin Napier mai bangon takarda, ko da na hannu ne.