Teburin mai shayi ko kafe: amsa ga wanda aiki ya kawo Kano

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kano, iyali ba za su biyo shi ba sai bayan wata uku, kuma shi ba gwanin girki ba ne. Tambayarsa ita ce: karin kumallo da abincin dare, gara ya dogara da mai shayi ko da gidajen gahawa na zamani, wato kafe? Ya kuma tambayi inda zai riƙa kai baƙi idan sun zo masa daga ofis.

Malam, cikinka ka kai shi wajen mai shayi, baƙonka da kwamfutarka ka kai su kafe. Sai dai kowanne a cikinsu yana da inda yake cutar da wanda bai san kan abin ba, shi ya sa za mu ɗan tsawaita.

Mu fara da lokaci, domin shi ne zai fara raba maka gardama. Mai shayi yana hura wuta tun kafin a fito daga sallar asuba, ya yi ciniki zuwa hantsi, ya tashi, sannan ya dawo gab da magariba ya kai tsakar dare. Na bakin tashoshin mota irin su Unguwa Uku, da na kusa da manyan asibitoci, wasu sukan kwana suna aiki. Kafe kuwa, waɗanda suka fi yawa a Nasarawa GRA da Bompai da kan titin Zoo Road, galibinsu ba sa buɗewa sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe goma na dare kuma sun fara kife kujeru. Wanda zai shiga ofis ƙarfe takwas, maganar karin kumallo a kafe ma ba ta taso ba. Haka saurin aiki: shayi da biredi da wainar ƙwai minti biyar zuwa goma ne idan babu layi, a kafe kuwa abinci mai zafi yakan ɗauki minti ashirin zuwa arba'in, saboda sai ka faɗa ake ɗora shi.

Yanzu ga shayin kansa. A teburin mai shayi abu biyu ne a kan wuta: ruwan zafi zalla, da tukunyar da aka dafa ganyen shayi da kayan ƙamshi, citta da kanumfari da masoro, wasu har da kimba da na'a-na'a. Idan ka ce ruwan bunu, shayi ne ba madara. Idan ka ce haɗin kauri, zai zuba madara, ta gari ko ta gwangwani, ya ƙara Milo ko Bournvita, ya sa sukari, sannan ya ɗauki kofi biyu ya riƙa sheƙa shayin daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa ya ɗan huce. Wannan sheƙawar tana da amfani, ita ke narkar da garin madara kada ya yi gudaji a ƙasan kofi.

Abin da ke lalacewa a nan guda uku ne, kuma duk kana iya kauce musu da baki. Na farko tsufan shayi. Ganyen shayi minti uku zuwa biyar yake buƙata a ruwan zafi. Idan ya wuni a tukunya yana dahuwa sai ya yi baƙi ƙirin, ya yi ɗaci da bauri mai kama harshe, shi kuma mai shayi ya rufe ɗacin da sukari. Idan ka zo a ƙarshen ciniki, ka ce a sa maka sabon Lipton a ruwan zafi, a ɗan tsiyayo ruwan kayan ƙamshin a kai. Na biyu sukari, kuma wannan muna so ka ɗauke shi da muhimmanci tunda safe da dare za ka riƙa sha. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan giram 4 na sukari, amma cokalin da ke hannun mai shayi yawanci babba ne, na cin abinci, mai ɗaukar wajen giram 12. Uku daga cikinsa giram 36 ke nan, ban da wanda ke cikin Milo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kusan giram 50 a yini, ta ce ya fi kyau ma a tsaya a 25. Kofi biyu na haɗin kauri sun riga sun wuce iyakar kafin ka taɓa lemon kwalba. Ka ce cokali ɗaya tun ranar farko. Bayan kwana uku ya haddace, ba sai ka sake faɗa ba. Na uku madarar gwangwani da aka huda tun safe aka bari a zafin Kano ba firji. Da yamma ka nemi ta gari, ko a huda sabuwa a gabanka.

A kafe, abin da ake alfahari da shi gahawa ce ta inji. Tushenta shi ne esfireso: ana niƙa 'ya'yan gahawa kamar giram 7 zuwa 9, a danne garin a ɗan mazubi, inji ya tura ruwan zafi ta cikinsa da ƙarfi na daƙiƙa 25 zuwa 30, a samu abin da bai wuce mililita 30 ba, wato kurɓi biyu. Kada ka yi mamaki idan ka biya kuɗi mai kauri aka kawo maka ɗan mitsitsin kofi, haka yake. Idan aka ƙara masa madarar da aka dumama da tururi mai kumfa da yawa, shi ne kafucino. Idan madarar ta fi yawa kumfar kaɗan ce, shi ne latte. Idan ruwan zafi aka ƙara, amerikano. Wanda ya saba da haɗin kauri, latte ne zai fi yi masa daɗi.

Ita ma tana da nata ɓacin. Idan ruwan ya wuce da sauri saboda niƙan bai yi laushi ba, gahawar za ta fito da tsami, salam. Idan ya daɗe yana ɗiga, za ta yi ɗaci kamar ta ƙone. Madara kuma idan aka dumama ta ta wuce digiri 70 sai zaƙinta ya gudu ta yi ƙauri. Akwai kuma wuraren da za su rubuta kafucino a takardar abinci alhali Nescafé na leda za a kaɗa maka a bayan kanta. Gane wannan ba wuya: ka duba ko akwai inji da maniƙa a kan kanta, ka kuma saurara. Gahawar gaske sai an ji ƙarar niƙa da hucin tururi. Wani abin lura shi ne sinadarin da ke hana barci. Kofin gahawa yana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da ke cikin kofin shayi, kuma yakan ɗauki awa biyar ko fiye kafin rabinsa ya bar jiki. Mai son ya yi barci da wuri ya tashi asuba, kada ya sha ta bayan la'asar.

Ta fannin abinci kuwa, gaskiya mai shayi bai da yawan zaɓi, amma abin da yake da shi a gaban idonka ake yin sa, kuma wannan babbar riba ce. Ƙwai a gabanka zai fasa, ya yanka albasa da attaruhu da tumatir, ya soya. Indomie ma haka. Ƙaramar leda giram 70 ce, ba ta ƙosar da babban mutum. Ka ce biyu, ko babba mai giram 120, da ƙwai biyu. Ka ce a rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar idan biyu za a dafa, domin gishirinsa yana da yawa, ga shi wasu suna ƙara dunƙulen Maggi a kai. Ka dubi man da ke kaskon: idan ya yi duhu yana hayaƙi tun kafin a zuba ƙwai, an daɗe ana juya shi, ka ce a zubar a sa sabo. Ka sa a fasa ƙwan a kofi kafin a haɗa da sauran, saboda a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ƙwai yana saurin lalacewa, ɗaya kuma ya isa ya ɓata duka.

Inda ya kamata ka sa ido sosai shi ne wajen wanke-wanke. Leƙa ƙarƙashin teburin. Mai shayin kirki yana da roba biyu, ta kumfa da ta ɗauraya, yana kuma watsa wa kofi ruwan zafi kafin ya zuba maka. Wanda roba ɗaya gare shi, ruwan ya koma ruwan toka, cokula suna iyo a ciki, ka wuce gaba ko da shayinsa ya fi na kowa daɗi, musamman da damina lokacin da kwalara da taifod ke yawo. Mafita mai sauƙi ita ce ka sayi kofinka mai murfi ka riƙa zuwa da shi; babu mai shayin da zai ji haushi. Da hunturu kuma ka duba ko biredin a rufe yake cikin leda, ba a yanke a buɗe ƙura tana sauka ba.

Kafe ya fi yawan kala: shawarma, wadda 'yan Lebanon da suka daɗe a Kano suka taimaka wajen yaɗawa, da soyayyen dankali da kaza, da boga, da kek. Sai dai kicin ɗin a ɓoye yake, kuma tsabtar falo ba ta nuna tsabtar kicin. Haɗarinsa yana wajen wutar lantarki. Abin da aka yi da kirim ko mayonis dole ya zauna ƙasa da digiri 5, dafaffen nama kuma ya zauna sama da digiri 60. Tsakanin waɗannan biyun ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Wurin da ake kashe janareta da rana don tsimin mai, firjinsa yana hucewa yana sake sanyi, kek ɗin da ke cikin gilashi yana nan da kyansa amma ya riga ya tashi daga aiki. Idan gilashin ya yi gumi ta ciki, ko ka taɓa ka ji ba sanyi, ka haƙura. Shawarma kuma ka duba ko wutar da ke bayan naman tana ci, kuma a yanko maka daga gefen da ya gasu yanzu, ba daga tarin da aka yanke aka ajiye a faranti ba. Ƙanƙarar da ake sa wa lemo ma ka tambayi da wane ruwa aka yi ta.

Kuɗi ba za mu faɗi adadi ba don farashi ba ya zama wuri ɗaya, amma kuɗin kofin gahawa ɗaya a kafe yakan biya maka shayi da biredi da ƙwai gaba ɗaya a teburi. A kafe ka tambaya tun farko ko farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun shekarar 2020, wasu wuraren kuma suna ƙara kuɗin hidima, sai ka ga takardar biya ta zarce lissafinka. Ka karanta ta layi-layi kafin ka miƙa kati. Shi mai shayi, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancinsu suna karɓar tiransifa, amma ka riƙe canji don ranar da sabis ya ƙi. Idan ka zama ɗan gida zai buɗe maka shafi a littafinsa. Ka biya duk ƙarshen mako, kada ka bari ya taru, domin jarinsa ƙarami ne kuma da kuɗin yau yake sayen ƙwan gobe.

To me kake saye da ƙarin kuɗin kafe? Wurin zama. Sanyin na'ura, soket na cajin kwamfuta, intanet, banɗaki, da teburin da za ka baje takardu ku yi magana da baƙo ba mai sa muku baki. Bencin mai shayi majalisa ce, ana siyasa ana ƙwallo, rediyo na kunne, kuma sirri ba ya zama a wurin. Ga baƙo irinka wannan ma amfani ne, a nan za ka ji wace unguwa ke samun ruwa, wane dillalin gida ne mai amana, wane makanike ne ba ya cuta. Amma maganar ofis ba a nan ake yin ta ba. Haka idan Hajiya ta iso ko abokiyar aiki ta zo: a Kano mata ba sa zama a teburin mai shayi, sai dai a aika a sayo, alhali a kafe iyali suna zama ba wanda zai kalle su.

Idan cikin baƙinka akwai wanda ba Musulmi ba ya tambaye ka mashaya, ka sanar da shi halin garin tun da wuri. Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, an kuma hana sayar da giya, Hisbah kuma tana kama ta tana fasawa. Mashayun da ake da su sun fi yawa a Sabon Gari, kuma ba a yawo da giya a cikin gari. Kafe na cikin gari lemo da gahawa da shayi yake sayarwa.

Abu na ƙarshe, kada ka mayar da Indomie da ƙwai abincin darenka na kullum har wata uku, jiki zai gaya maka. Bayan magariba masu tsire da balangu suna fitowa, ga gurasa bandashe da ake yi da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ga masu fura da nono, ga gidajen tuwo da ke kusa da kowace kasuwa. A wajen mai tsire ka sa a mayar da naman kan wuta ya yi zafi sosai kafin a yanka, kabejin da tumatir ɗin da ba ka ga wankinsu ba ka ce a bar su, albasa ta wadatar. Idan ka ci nama ko wake, ka ba da tazarar awa ɗaya kafin ka sha baƙin shayi, domin yana rage yadda jiki ke tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci. Da azumi kuma tsarin yana juyawa: kafe da yawa sai gab da shan ruwa suke buɗewa, mai shayi kuwa daga bayan tarawihi yana nan har sahur.