Tocilar Sabon Gari da ta ba ni kunya a Jamus

Ana gobe zan taso na shiga Sabon Gari neman tocila. Mai shagon ya zaro wata baƙa, ya dalle mini ido da ita da tsakar rana, ya ce, "Alhaji, wannan 'yar Jamus ce, ko rijiya ta faɗa ba ruwanta." A jikin kwalinta an rubuta lumen 10,000, wato ma'aunin ƙarfin haske. Na biya har da godiya. To ga shi na kawo ta garinsu, kuma a garin nasu ta ci amanata.

Ni mataimakin matuƙi ne a wani kamfanin jigilar kaya, muna tashi daga filin jirgin Kolon da Bon, aikin kuma kusan duk na dare ne. Kafin kowane tashi sai ɗayanmu ya sauka ya zagaya jirgin da ƙafa. Ka duba tayoyi ko sun suɗe, ka duba ɗan ƙarfen da ke nuna abin da ya rage na birki, ka leƙa bakin inji ko tsuntsu ya lanƙwasa farfela, ka bi ƙarƙashin fiffike ko mai na ɗiga. Sai ƙananan bututu da ramukan da ke jikin jirgin ta gaba, waɗanda ke gaya wa matuƙi gudunsa da tsayin da ya kai. Su ne abin tsoro. A 1996 wani Boeing 757 ya tashi daga Lima cikin dare, an manta da salatif a kan ramukan nan bayan an goge jirgin, ya faɗa teku da mutum 70. A shekarar dai wani irinsa ya hallaka mutum 189 a gaɓar Jamhuriyar Dominika, masu bincike suka fi zargin zanzaro ne ya yi gida a cikin bututun. Zanzaron nan dai na bangon zaurenku.

Ƙarfe uku na dare, watan Janairu, sanyin da har haƙori ke ji. Ina tsugune wajen tayoyin baya sai hasken ya koma ja-ja kamar aci-balbal, ya ɗauke. Na shiga buga ta a tafin hannu yadda muke yi wa rimot. Ashe kyaftin ɗina yana tsaye a bayana, wani dattijo mai furfura. Ya zaro tasa daga aljihun riga, ba ta fi makar rubutu girma ba, ya miƙo mini, ya juya ya hau jirgi. Ko uffan bai ce ba, har muka je muka dawo. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari Lahadi, kuma ran Lahadi a ƙasar nan ko allura kake nema sai ka haƙura, shaguna a garƙame. Har yau abin nan na ci mini rai. Litinin na shiga wani shago, na ce a ba ni wadda ta fi kowace haske. Yarinyar da ke wurin ta ce wane aiki zan yi da ita. Da na faɗa mata sai ta hana ni mai tsadar! Wai hasken da ya yi yawa in ya bugi farin fenti dawowa yake ya kashe maka ido, lumen ɗari biyu zuwa uku ya isa duba taya, a dai samu mai ƙarin mataki da zai kai ƙololuwar wutsiyar jirgi. Ta sa na saka safar hannu na danna makunnin da ke gindinta, domin a haka zan riƙa amfani da ita. Batirinta na caji ne, wanda ake kira 18650, ya fi batirin rediyo jure sanyi. Kwalin kuma ya faɗi awa nawa take yi, mita nawa take kaiwa, daga wane tsayi za ta faɗi ba ta fashe ba. Yuro 65. Da na buga lissafinsa a naira sai da na yi salati.

Bayan wata huɗu makunnin ya fara sarƙewa. Na shirya rigima tun daga gida, har na haddace abin da zan faɗa da Jamusanci. Ta karɓi rasit, ta danna sau biyu, ta ɗauko sabuwa. Shi ke nan. Dokarsu ta ba mai saye shekara biyu a kan kayan da ya fito da aibu. Babu rantsuwa, babu "kai ka lalata ta", babu "kaya in ya fita ya fita". Amma fa mu ma masu saye da namu laifin: mu ne za mu yi ta taya kaya har a sallama a kuɗin da ko mahaukaci ya san jabu kaɗai zai saya, sannan mu zo muna Allah ya isa.

Sai dai sau biyu ina zuwa shagon nan, ko "ina gajiya" ba a taɓa ce mini ba. Tocilar Sabon Garin tana nan cikin akwati. In na zo babbar salla zan kai wa mutumina kayarsa. Na san zai jawo mini benci, ya tambayi su Hajiya, ya aika yaro ya sayo mini kunun aya, sannan ya buɗe ta ya hura ciki ya ce ai batir ne.