Gargaɗi: mita ta ce 86,000, motar kuma ta ci 243,000

Jama'a, ku yi hattara da dillalin da za ku tarar ya riga ya tayar da mota kafin ku iso. Motar da nake magana a kanta yanzu haka tana gareji, an sauke tof silindarta, wato murfin saman injin, an ajiye a kan benci, kwana tara kacal da sayenta. Mitarta ta ce kilomita 86,000. Abin da ta ci a gaskiya kilomita 243,000 ne. Ku lissafa da kanku, kilomita 157,000 aka share, tafiyar da ta kusa zagaye duniya sau huɗu, aka sayar wa bawan Allah da ita a kuɗin motar da ba ta wahala ba. Sunan dillalin ba zai fito a nan ba, amma hotunan duk suna nan kuma zan ɗora su: na mita, na gasket (shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da jikin injin, mai hana ruwa shiga silinda), na abin da kwamfutar gwajin mota ta karanto.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai sayen nan bai yi wauta ba. Kada wani ya zo yana cewa ai shi ya ƙi buɗe ido. Da bakanike ya je. Sun zaro sandar awon baƙin mai sun ga mai fes. Sun leƙa ƙarƙashi babu ɗigo. Sun yi tuƙin gwaji, allurar zafi ba ta ko kai tsakiya ba. Babu fitila ko ɗaya a dashbod. Duk abin da ake cewa a duba sun duba, kuma wannan ne abin kunyar a gare mu masu sana'ar gyaran mota, domin an shirya motar ne daidai da abin da aka san za mu duba.

Da ƙarfe takwas na safe suka isa. Motar tana tsaye injin na aiki, AC na hurawa. Dillalin ya taso da fara'a ya ce, "Alhaji, na ɗan tayar maka da ita ne ta yi sanyi kafin ka shiga. Ga ta nan, ka zagaya duk inda kake so." Shi ke nan. A wannan kalmar aka gama cinikin, sauran duk cike takarda ne. Wa zai zargi wanda ya kunna masa AC? Wa zai zargi wanda ya ce ka zagaya duk inda kake so?

To ga abin da injin mai ɗumi yake ɓoyewa. Idan gasket ya fara ci, bayan an kashe mota ruwan lagireto yana nan da matsi, murfin lagireto yana riƙe matsin da ya kai wajen 1.1 a ma'aunin bar, sai ruwan ya riƙa tsiyaya cikin silinda a hankali har gari ya waye. Da safe idan ka murza makulli, wannan silindar ba za ta kama wuta da kyau ba, injin zai yi ta karkarwa na daƙiƙa ashirin ko talatin, salansa ta fitar da farin hayaƙi mai kauri mai ɗan ƙanshin zaƙi. Da ruwan ya ƙone, ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗe, komai ya lafa kamar ba a yi ba. Haka ma sarƙar taimin da ta saki, ƙararta ta daƙiƙa biyu ko uku ce a tashin farko kafin mai ya hau. Haka shuɗin hayaƙin da ke nuna robobin bawul sun bushe. Duk cikin minti ɗaya na farko ake ganinsu, kuma wannan mintin dillalin ya cinye shi kafin mutum ya iso. "Na ɗan tayar maka da ita." Kai!

Na tsallake wani abu. Tun kwana biyu kafin ranar, an karɓi kafin alƙalami a hannun mai sayen, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar, wai akwai wani mai so da zai zo da kuɗi a hannu. Kashi ɗaya cikin uku, kafin a buɗe bonet. Wanda ya riga ya ajiye wannan kuɗin ba duba mota ya je yi ba, zuwa ya yi ya kwantar da hankalinsa, kuma duk abin da ya gani zai nemo masa uzuri. Rasit ɗin da aka ba shi babu lambar shasi a kai, babu adadin kilomita, babu sharaɗin mayar da kuɗi. Sunan mota da launinta kawai.

Allurar zafin da ba ta tashi ba fa? An cire tamostat. Da aka kwance gidansa babu komai a ciki. Tamostat yakan buɗe ne wajen digiri 82 zuwa 90, aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Idan aka cire shi ruwa zai yi ta zagaye ba tsayawa, a gajeriyar tafiya allura za ta kwanta ƙasa, mai saye ya ce wannan injin sanyi gare shi. Allurar da ta ƙi kaiwa wurinta bayan tafiyar minti goma sha biyar alamar ciwo ce. Sannan an zuba maganin toshe ɗigo a lagireto, irin mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Yana riƙe ƙaramin tsagu na kwana kaɗan, amma bai san inda ake so ya toshe ba, har siraran bututun lagireton yake cikewa. Da aka zubar da ruwan sai ga shi ruwan ƙasa da gudaji kamar laka. A kwana na tara, a cikin cunkoso, AC a kunne, allura ta haura ja, tof silinda na alminiyam ya lanƙwashe.

Baƙin man da suka gani fes kuwa sabo ne, amma mai kauri 20W-50 aka ɗura a injin da murfinsa ke ɗauke da rubutun 5W-30. Mai kauri yana danne ƙarar metal, wato boris ɗin cikin injin, da ta ci, yana rage hayaƙi, yana hana fitilar mai yin ƙyafta. A injin zamani mai sauya taimin da matsin mai, wannan kaurin wahala yake ƙara masa, musamman a tashin safe. Sabon mai a motar sayarwa ba ya gaya maka komai. Ku buɗe murfin mai ku haska ciki da tocila, ku ga ko akwai baƙin dasƙararren datti, ku duba bayan murfin ko akwai farin kumfa mai kama da madara.

Sai maganar fitilu, wadda ita ce ta fi ba ni haushi, don gwajin daƙiƙa goma ne. Ka murza makulli zuwa inda dashbod ke kawo wuta, kada ka tayar. Dole fitilar cek injin ta kama, ta mai ta kama, ta batir, ta birkin ABS, ta iyabag, jakar iskar da ke kare mutum a haɗari. Ta iyabag takan mutu da kanta bayan kamar daƙiƙa shida ko da ba ka tayar ba. A wannan motar an buɗe mita an liƙe fitilar cek injin da baƙin salatif daga ciki. Wasu sun fi haka wayo, sukan haɗa wayarta da ta fitilar mai don su kama tare su mutu tare. Wa zai tuna ya kashe mota ya yi wannan gwajin alhali an tarar da injin yana aiki? Kun ga inda maganar take komawa. A motocin da suka yi haɗari ma akan sa ƙaramin resista na om biyu zuwa uku a madadin iyabag ɗin da ya fashe, kwamfuta ta ɗauka yana nan, sitiyari kuwa fanko.

Ba su saka kwamfuta ba ranar, wannan kam an yi sakaci, ban musa ba. Amma ko sun saka, idan mai karantawar lambobin matsala kawai ya nema, babu abin da zai gani, an goge. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD, inda ake jona kwamfutar gwaji, mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma abin da ya kamata a nema ba lambobin kaɗai ba ne. Akwai shafin da ke nuna ko kwamfutar motar ta gama gwaje-gwajenta na kai da kai, na katalis mai tace hayaƙi a salansa, na sensan oksijin, na tururin fetur. Da an goge lambobi sai waɗannan su koma ba a kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan yawa kafin su dawo. Akwai kuma inda ke nuna kilomita nawa aka yi tun gogewa ta ƙarshe. A wannan motar 412 ya nuna. Mai ita tun da ya karɓe ta bai wuce kilomita 400 da 'yan kai ba. Wato ranar cinikin ko jajibirinta aka goge. Lambobin kuma sun dawo abinsu: P0302, silinda ta biyu tana tsallake wuta, P0128, ruwa ba ya kai zafin da ya kamata, P0420, katalis ya gaji. Dillali zai ce batir muka canza shi ya sa. Cire batir yana iya goge su, gaskiya ne. To sai ka ce a bar maka motar ka yi tafiyar kilomita ɗari a sake karantawa, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

Yadda aka gano 243,000 ɗin ma abin takaici ne don sauƙinsa. Lambar shasi, VIN, haruffa da lambobi 17 ce, babu I, O ko Q a cikinta. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole su yi daidai da ta takarda. Aka rubuta ta a intanet kawai, sai ga hotunan motar a filin gwanjo, gabanta a lotse, mitarta tana nuna mil 151,000. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, ku buga ku gani, 243,000. Motocin da suka bi ta gwanjon Copart ko IAA hotunansu kan daɗe suna yawo, rahoton Carfax kuma yakan nuna adadin da aka rubuta a lokutan gyara da rajista. Aikin minti biyar. An biya kuɗin 86,000 an karɓi 243,000 saboda minti biyar. A wasu motocin ma adadin yana ajiye a kwamfutar giya ko ta ABS, masu juya mita sukan manta da su. Jikin motar shi ma yana faɗa: robar fedar birki ta shafe har ƙarfe na leƙowa, sitiyari ya yi santsi, gefen kujerar direba ya lotsa. Sabuwar robar birki fil a tsohuwar mota ita ma abin tambaya ce.

Gaban da ya lotse an gyara shi da bodi fila aka fesa fenti. Fentin kamfani kaurinsa wajen maikuron 100 zuwa 150 ne (maikuron dubu ne milimita ɗaya), na'urar awo ta nuna sama da 900 a fenda ta dama. Ko maganaɗisu ka naɗe a ƙyalle ka bi jikin ƙarfe za ka ji inda ya ƙi kamawa. Kawunan notocin fenda da na bonet duk da sawun sifana.

Da aka kira dillalin, cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai da bakanikenka ka zo, kai ka tuƙa da hannunka." Abin da ya sa ya ce a zagaya ke nan tun farko. Yanzu ba ya ɗaga waya. Saƙonnin da ya rantse cewa mitar ta asali ce suna nan, su ma zan ɗora.

Wanda ya riga ya faɗa irin wannan, kada ya bari a sa masa sabon gasket kawai a rufe. A kai tof silinda a auna da miƙaƙƙen ƙarfe da fila geji, siraran ƙarafan awon tazara, yawancin injina ba sa yarda da lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1, a gwada ko ya tsage kafin a goge fuskarsa. A auna fuskar bulok, wato jikin injin, ma. Idan notocin irin masu miƙewa ne a sa sababbi, a ɗaure da sifana mai awo, bi da bi daga tsakiya zuwa waje yadda littafin injin ya ce. A wanke hanyar ruwa har maganin toshewar ya fita, lagireton da ya cushe a canza shi, a mayar da tamostat da sabon murfi. A zuba man da aka rubuta, a sake juye shi da filta bayan 'yar tafiya don ragowar ruwa. Duk wannan bai mayar da ringi da giya da suka ci 243,000 sabbi ba.

Wanda bai saya ba tukuna: ka ce kada a taɓa motar sai ka zo, ka ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi ka dawo gobe. Ka binciki VIN kafin ka ba da ko sisi. A saka kwamfuta, a yi awon kwamfureshan, wato matsin cikin silinda, da bai kamata silinda su bambanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, da gwajin ruwan shuɗi a bakin lagireto, wanda ke komawa ɗorawa idan hayaƙi na shiga ruwa. Kada ka buɗe lagireto da zafi. A rubuta VIN da kilomita a rasit dillali ya sa hannu. Hoton gasket ɗin zan fara ɗorawa, ku duba gefen silinda ta biyu.