Yawon kwana uku a gandun dajin Masai Mara: me kuɗinka ke saya a lokacin cunkoso?

Kusan duk kamfanin yawon buɗe ido da ke Nairobi yana sayar da tsari iri ɗaya: kwana uku, dare biyu, motar haɗaka mai ɗaukar mutum shida zuwa takwas, da masauki na tanti kusa da ƙofar gandun dajin Masai Mara na ƙasar Kenya. Shi ne mafi araha, kuma shi mafi yawan baƙi ke saya. Daga Janairu zuwa Maris tsarin ya ci kuɗinsa. Amma daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wanda ya saye shi ido rufe zai fi kallon bayan motoci fiye da namun daji.

A fara da lissafin lokaci. Daga Nairobi zuwa ƙofar Sekenani ta hanyar Mai Mahiu da garin Narok tafiyar awa biyar zuwa shida ce. Ke nan ranar farko ta tafi a hanya, sai ɗan zagayen yamma na kamar awa biyu. Rana ta uku kuwa ta komawa ce. Yini ɗaya tak ake samu cikakke a cikin daji. Tun 2024 hukumar gundumar Narok ta mai da kuɗin shiga na baƙo baligi dala 100 daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba, kuma tikitin na awa 12 ne, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana wannan farashin zai biya, domin rangwamen na 'yan ƙasa ne da mazauna Gabashin Afirka. Saboda haka kafin ka ba da ko sisi, ka sa a rubuta maka tikiti nawa ke cikin farashin. Wasu kamfanonin tikiti ɗaya suke sakawa, su cike yammacin farko da ziyarar ƙauyen ƙabilar Masai, sai ka isa can ka gane.

Namun dajin kam akwai su, wannan ba a musu. Gandun ya kai murabba'in kilomita 1,510, fili ne na ciyawa mai buɗaɗɗen gani, haɗe da Serengeti na Tanzaniya. A yini guda da wuya a rasa zaki, giwa, ɓauna, raƙumin dawa, kura da dorina. Damisa sai da haƙuri, karkanda kuma sai an dace. Abin da ke jawo jama'a shi ne ƙaurar nyumbu, wasu dabbobi masu gemu dangin gwanki, sama da miliyan ɗaya, da ke hawowa daga Serengeti tare da jakunan dawa tsakanin Yuli da Oktoba, suna tsallaka kogin Mara kadoji na jiransu a ruwa.

Matsalar ita ce yadda ake kallon. Direbobi suna magana da juna ta rediyon oba-oba. Da zarar ɗaya ya hango rabbi, wato dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu, sai ya sanar, cikin minti goma motoci ashirin ko fiye su yi mata zobe. Direban ba don mugunta yake yi ba. Tukwicin da zai samu a ƙarshen tafiya ya rataya ne a kan abin da ya nuna, fasinjojinsa kuma yini ɗaya ke gare su, sun biya dala 200, kowa na cewa matsa kusa. Ga shi mafi yawan masaukai masu sauƙi suna jibge a gefen ƙofofin Sekenani, Talek da Oloolaimutia, don haka dukkan motocin lokaci guda suke shiga, hanyoyi ɗaya suke bi.

Rabbi ce ta fi shan wahalar wannan. Da rana take farauta, daidai lokacin da motoci suka fi yawa. Zoben motoci na korar barewar da take fako, yana raba uwa da 'ya'yanta, yana kuma nuna wa kura da zaki inda take. Wani binciken da aka wallafa a 2018 kan rabbin Mara ya gano cewa a inda baƙi suka yi yawa, uwa kan raini matsakaicin ɗa 0.2 zuwa girma a kowace haihuwa, a inda suka yi kaɗan kuwa 2.3. Wannan tazara ba ƙarama ba ce, kuma duk mai matsa wa direba ya kutsa gaba yana da hannu a ciki.

A mashigar kogi abin ya fi muni. Nyumbu dabba ce mai tsoro. Garke zai taru a bakin gaɓa ya yi awa biyu ko uku yana kai-komo kafin ta farko ta faɗa ruwa. Daidai shi ne motoci su tsaya can nesa, a kashe inji, sai an fara tsallakawa sosai sannan a matso a hankali. Abin da ke faruwa a Agusta shi ne mota ɗaya ta yi gaggawa, sauran su rufa mata baya da ƙura da ƙarar inji, garken ya watse ya koma. Wani lokaci motocin da ke ɗaya gaɓar su toshe mafita, dabbobin su karkata zuwa gangare mai tsayi inda ba sa iya hawa, su tattake juna. Mutane sun yi awa uku a rana, ba su ga komai ba, dabbobin kuma sun yi asara.

Dokoki akwai: kada a kusanci dabba fiye da mita 25, kada a bar hanya, kada a sauka daga mota sai a wuraren da aka ware. A ɓangaren yamma da ake kira Mara Triangle, wanda ƙungiyar Mara Conservancy ke gudanarwa tun 2001, idan motoci suka wuce biyar a kan dabba ɗaya, minti goma kowa ke da shi, masu jira su tsaya nesa. Can ana ganin motocin jami'ai suna sintiri suna cin tara, masaukai ma kaɗan ne. Shi ya sa kallo a Triangle ya fi natsuwa duk da cewa kogi ɗaya ne, dabbobi ɗaya.

Ga mai hali, filayen kiyaye dabbobi da ke kewaye da gandun sun fi komai: Naboisho, Olare Motorogi, Mara North, Ol Kinyei. Ƙasar makiyayan Masai ce, ana biyan masu ita kuɗin haya, an ƙayyade yawan gadaje, kuma motocin masaukan da ke ciki kaɗai ke yawo. Ana fita da dare da fitila, ana tafiya a ƙasa da jagora, abubuwan da gandun gwamnati bai yarda da su ba. Tsadar ta ninka ta tsarin haɗaka sau da yawa, kuma don ganin tsallaka kogi dole a sake sayen tikitin babban gandun.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba yana iya gyara tsarin mai araha da abu kaɗan. Ya nemi Land Cruiser maimakon Hiace mai buɗaɗɗen rufi, musamman lokacin ruwan Afrilu da Mayu, domin baƙar laka ta Mara na kafe ƙaramar mota. Ya tambayi yawan fasinjoji. In sun wuce shida, wani ba zai sami taga ba. Ya tambaya ko direban na da shaidar ƙungiyar jagororin yawon daji ta Kenya, mai matakin tagulla, azurfa da zinariya. Ya kasance a bakin ƙofa ƙarfe shida da karin kumallo a kwali, domin zaki da kura da sanyin safiya suke motsi, kuma motoci da yawa sai wajen takwas suke shigowa. Abin da ya fi duka tasiri: tun kafin a tashi, fasinjoji su haɗa baki su gaya wa direba cewa tukwicinsa ba ya rataye da bin kiran rediyo, in an tarar da fiye da mota biyar a wuce. Direba mai gogewa zai bi gefen rafi da gindin tsaunuka ya nemo nasa, kuma zaki ɗaya da ka zauna da shi minti talatin shiru ya fi biyar da ka leƙa ta tsakanin motoci.

A tafi da rigar sanyi, domin wurin tudu ne, sama da mita 1,500, asubarsa na da sanyi sosai. A tafi da madubin hangen nesa, shi ke sa mita 25 ta wadatar. Katin allurar shawara ma kada a manta shi. Ga mai salla, tunda ba a sauka ko'ina, ya yi alwala kafin fita, ya haɗa azahar da la'asar a wurin da aka tsaya cin abincin rana.

In ba lallai sai ka ga tsallaka kogi ba, ka zo a Fabrairu ko farkon Yuni: kuɗin shiga rabi ne, zakuna da giwaye na nan ba inda suka je. In kuwa ƙaurar ce ta kawo ka, ka ƙara dare ɗaya, ka kwana a ɓangaren Triangle, ka zaɓi ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba bayan hutun Turawa ya ƙare.