Wata uku ina ɗaukar horon shugabanci wurin wata Hajiya daga Yamai

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da shugabancin ƙungiyarmu ta mata a nan Tawa. Mu ashirin da biyu ne, muna sarrafa albasa mu yi gabu, muna kuma da asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin nan da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Maraɗi a 1991. Duk mako kowa ta zuba, mai bukata ta ranta ta biya da ɗan riba. A bara abin ya so ya fi ƙarfina: ni ce mai sayen albasa, ni ce mai riƙon littafi, ni ce kuma mai raba faɗa. Wata ƙawata ta haɗa ni da wata Hajiya da ke horar da mata shugabanni, na biya jika sittin na wata uku. Zama biyu ido da ido in ta zo Tawa, sauran ta WhatsApp duk daren Laraba.

Da farko na ɗauka lacca za ta yi mini. Ranar zaman farko sai ta ce in kawo littafin asusu. Ta sa tabarau, tana bin layi da ɗan yatsa, har ta tsaya kan wani suna da aka rubuta da fensir.

"Wannan fa, me ya sa nata kaɗai ba da biro ba?"

Na yi shiru. Yayar maigidana ce. Ta ranci jika arba'in tun kafin azumi, wata biyar ba ta biya ko dala ba, ni kuma kunya ta hana in buɗe baki. Sauran mata sun sani, shi ya sa wasu suka fara jan ƙafa wajen zubi. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta gyara mayafi ta ce, "To, ni ce Yaya. Shigo ki gaishe ni." Sau uku muna maimaitawa. Na farko na ƙare da ba ta haƙuri, ita da ake bi bashi! Muka yi dariya har hawaye. A na uku na iya faɗin abin da ya kawo ni ba tare da muryata ta yi rawa ba.

Da Juma'a ta zo na je gidan Yaya bayan la'asar, tare da ma'ajinmu, don Hajiya ta ce kada in je ni kaɗai, maganar ta ƙungiya ce, kada ta koma ta gida. Na ce, "Yaya, kuɗin nan ba nawa ba ne, da nawa ne da ban zo ba. Ki faɗi abin da za ki iya duk mako mu rubuta." Ta dube ni ta ce, "Amarya, yau kuma ke ce da wannan?" Ta yi mini fushi na kwana goma. Amma jika biyu-biyu ta biya har ta gama.

Abin da ya sa na yarda da matar nan shi ne ba ta ɓoye nata tuntuɓen. Ta ce tana ɗaliba aka yi tattakin mata na ranar 13 ga Mayu 1991 a Yamai, lokacin da aka sa mace ɗaya tak cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da yanzu ake bikinta a matsayin ranar matan Nijar. Ta yi koyarwa a lakkal, daga baya ta shugabanci wani sashe a wurin aiki, kuma a can ta kusa rasa kujerarta saboda ta rufa wa wata ta kusa da ita asiri kan kuɗi. Ta kan kawo zancen dokar kaso ta 2000 mai ware wa mata kujeru, wadda aka ƙara a 2019 zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe da 30 na naɗi, ta ce kujerun sun ƙaru amma har yanzu da yawanmu in an zauna taro sai mu bar maza su yanke. Abu uku take nanatawa: zo kan lokaci, rubuta komai, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Na ukun ya fi yi mini wuya, don na saba ganin kamar faɗuwar girma ce.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Takardun da take turowa duk da Faransanci suke, ni kuwa iyakata aji shida, sai ɗiyata ta karanta mini. Misalanta da yawa na ma'aikatan ofis ne, masu albashi ƙarshen wata. Mu da kuɗinmu ke bin farashin buhun albasar Galmi, wani lissafin bai hau kanmu ba. Sau biyu kuma layi ya yanke a tsakiyar zama, ba a rama mini ba. Jika sittin ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai gabu.

Duk da haka yanzu littafi yana hannun ma'aji, sayen albasa an ba mata biyu, ni taro kawai nake jagoranta. In ke mai son a yi ta yabonki ce, kada ki ɓata kuɗinki, tambayoyinta suna da zafi. Mun yanke a taro cewa bayan an sayar da gabun bana za mu tura ma'ajinmu ita ma, da sharaɗin a juya mata takardun zuwa Hausa, kuma na riga na faɗa wa Hajiya haka.